Ku Tambaya: Kyautar Waƙa Ga Baba, da Bala'in Jabun Memori

Wata baiwar Allah daga Zariya ta rubuto cikin damuwa. Mahaifinta ya yi ritaya, yana son waƙoƙin Lighthouse Family tun yana matashi, kwanan nan ya ji wata mai ɗan zafin kiɗa a rediyo, tun daga nan bakinsa bai huta ba. Tana so ta saya masa kundin, tana tsoron kada ta sayo wanda ba shi ba.

Kwantar da hankalinki 'yata, Allah ya yi miki albarka. Lighthouse Family mutum biyu ne, Tunde Baiyewu mai muryar nan mai sanyi, wanda asalinsa ɗan Najeriya ne, da Paul Tucker mai kiɗan fiyano, a Newcastle ta Ingila suka haɗu. Kundinsu na ƙarshe shi ne Blue Sky in Your Head na 2019, bayan shirun shekara 18. Ki fara kunna masa shi a Spotify ko YouTube ya nuna miki waƙar da kansa. Kada ki yi odar faifan CD daga waje, kuɗin aikowa kaɗai zai fi na faifan, ga dala yadda take. Ki ma duba tukuna, motar Baba na da gurbin faifai?

In kuma memori za ki saya a loda masa, to nan ne nake da magana. Za a miƙo miki ɗan kati an rubuta 64GB ɓaro-ɓaro, kuɗinsa bai kai na katin waya biyu ba, ke kuma ki ce kin yi sa'a. Cikinsa bai wuce 8GB ba, an dai sa shi ya riƙa yi wa waya ƙarya. Da ya cika sai sababbi su hau kan tsofaffi, ranar da Baba zai nemi waƙarsa ya tarar da shiru. Ni kaina na yi asarar hotunan suna a irin wannan, a wani shago da ba zan ambata ba. Ki cika shi taf a gaban mai shagon, ki kunna ta farko da ta ƙarshe. In ya fara cewa ba ya da lokaci, ki ɗauki kuɗinki ki ƙara gaba. Araha ba ta ado.

Wani kuma daga Jos yana tambaya ko sifika mai fitilu kala-kala ta fi fitar da kiɗa. Malam, da ido kake sauraro? Ɗaga ta ka ji nauyinta, in kamar gwangwanin madara ce ka ajiye.

Mai tambaya daga Abuja, wanda aka tura wa tallan tikitin wasan mawaƙan nan biyu a WhatsApp: sun rabu tun 2022. Kada ka tura ko sisi.