Filin Tambayi Likita: Kowace Tsutsa da Maganinta

TAMBAYA: Likita, ɗana mai shekara 11 yana fitsari da jini, musamman ɗigon ƙarshe. Kakarsa ta ce alamar balaga ce, zai daina da kansa. Na saya masa maganin tsutsa a kemis har sau biyu, amma shiru. (Wata uwa daga Kura)

AMSA: Hajiya, ki ba kaka haƙuri, balaga ba ta zuwa da jini a fitsari. Abin da kika bayyana ya fi kama da tsargiya, kuma a yankin noman rani irin na Kura da Kadawa, inda yara ke wuni cikin magudanun ruwa, ita muke fara zargi. Tsutsar da ke kawo ta tana rayuwa cikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu sosai. Ta fito ta huda fatar yaro yana wanka ko kamun kifi, ba sai ya sha ruwan ba. Bayan ta girma sai ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta kuma su riƙa yaga bangon mafitsarar. Jinin nan na ƙarshen fitsari daga can yake.

Maganin kemis bai yi aiki ba domin yawanci albendazole ko mebendazole ake bayarwa, su kuwa na tsutsar hanji ne, ba sa taɓa tsargiya. Ki kai shi asibiti a gwada fitsarinsa. A ɗebi fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwayayen suka fi fita, kuma a tabbata ɗigon ƙarshe ya shiga kwalbar. Idan aka kai na asuba, sau da yawa sakamako kan nuna babu komai alhali cutar tana nan.

Maganinta praziquantel ne, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, a sha sau ɗaya. Ƙwaya ɗaya miligiram 600 ce, don haka yaro mai kilo 30 ƙwaya biyu zai sha. Dole a ɗora shi a kan ma'auni, kada a yi kintace da shekaru, domin rage adadin na iya sa maganin ya gaza. Ya ci abinci ya ƙoshi kafin ya sha, saboda da yunwa yana sa jiri da murɗar ciki. Ya kuma haɗiye da ruwa, kada ya tauna, yana da ɗaci ƙwarai. Maganin ba ya kashe tsutsar da ba ta gama girma ba, shi ya sa likita zai iya cewa a maimaita bayan 'yan makonni. Kuma in ya koma ruwan, zai sake kamuwa. Kada ki yi jinkiri, Hajiya: tsargiyar da aka bari shekaru tana ƙarar da jini, tana lalata ƙoda, har takan kai ga kansar mafitsara.

TAMBAYA: Likita, wasu fararen abubuwa masu faɗi kamar yankakkiyar taliya suna fitowa daga duburata, wani lokaci ba tare da na yi bahaya ba, kuma suna motsi. (Wani direba daga Maraɗi)

AMSA: Malam, wannan tsila ce, kuma abin da kake gani gaɓoɓinta ne da take yankewa. Ita uwar tana can maƙale a hanji, tsawonta kan kai mita biyar ko fiye. Ana ɗaukarta daga naman shanu wanda bai dahu ba, irin tsire ko balangun da aka sauke da sauran ja a tsakiya. Ka sa gaɓa ɗaya cikin kwalba mai tsafta ka kai ɗakin gwaji, domin a can ake bambance ta shanu da ta alade. Magani praziquantel ne shi ma, amma kaɗan: miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo, sau ɗaya, wato mai kilo 60 ba zai wuce ƙwaya ɗaya ba. Ana kuma amfani da niclosamide, giram 2 ga babba. Idan ka taɓa yin farfaɗiya ko ciwon kai mai naci, ka faɗa wa likita kafin ka sha. Muddin kan tsilar bai mutu ba za ta sake tofowa, saboda haka a sake gwada bahaya bayan wata uku.

TAMBAYA: Likita, 'yata tana sosa dubura da dare har ba ta barci, amma gwajin bahaya bai nuna komai ba. (Wata malamar makaranta daga Zariya)

AMSA: Malama, gwajin bahaya ba kasafai yake kama wannan ba. Wata 'yar farar tsutsa ce kamar zare, tsawonta kusan santimita ɗaya, wadda ke fitowa da dare ta yi ƙwai a bakin dubura. Ki haska da tocila awa biyu ko uku bayan ta yi barci, za ki iya ganinta. Ko kuma da sassafe, kafin wanka ko tsarki, ki manna salatif mai haske a wurin ki kai a duba, kwana uku a jere. Albendazole miligiram 400 ko mebendazole miligiram 100 ya isa ga wanda ya haura shekara biyu, a maimaita bayan mako biyu saboda maganin ba ya kashe ƙwai. Duk mutanen gida su sha rana ɗaya, in ban da mai ƙaramin ciki na watanni ukun farko. A yanke farce, a wanke zannuwan gado da kamfai da ruwan zafi, kuma kada a kakkaɓe su a cikin ɗaki.