Ɗana Ya Saci Waya, An Kira Mu Zaman Sulhu

Tambaya: Ɗana mai shekara 15 ya saci wayar maƙwabcinmu ya sayar. Jami'in da ke kula da shari'ar yara ya ce a yi zaman sulhu maimakon kotu. Mahaifinsa ya ce zai je shi kaɗai ya biya kuɗin don a rufa asiri. Ni kuma tsorona kada abin da yaron ya faɗa a can ya zama hujja a kansa.

Amsa: Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki. Ƙa'idojin zaman sulhu da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2002 sun ce halartar zaman ba ta zama shaidar amsa laifi idan maganar ta koma kotu, kuma kowane ɓangare na iya janyewa. Amma dokoki sun bambanta, don haka lauya ya tabbatar muku kafin ranar. Idan kuma yaron yana musun satar, galibi ba a zaman sulhu.

Shawarar maigidanki ce ta fi tayar mini da hankali. Kullum sai mun ji ta, galibi daga bakin 'yan shiga tsakani na bogi masu cewa “a biya, magana ta mutu”. Wallahi ba ta mutuwa. Yaron da aka biya masa yana ɗaki, darasi ɗaya ya ɗauka: in ya yi ɓarna, aljihun baba zai share. Mai wayar kuma ya karɓi kuɗinsa, amma bai samu amsar abin da ke cin ransa ba: me ya sa ni, kuma zai sake?

Amfanin zaman duka yana cikin 'yan mintunan da yaro zai buɗe baki ya faɗi abin da ya yi, sannan ya zauna, kai a sunkuye, yana jin maƙwabcin da ya san shi tun yana rarrafe yana cewa yanzu sai ya kulle ƙofa in ya hango shi. Ba mai iya jin wannan a madadinsa. Shi ya sa tsarin taron iyali da ƙasar Niyu Zilan ta sa a doka a 1989 ya ware lokacin da jami'ai za su fita, dangi su keɓe da yaron su tsara yadda zai gyara.

Ku rubuta yarjejeniyar: nawa zai biya, a cikin wata nawa, da wane aiki na hannunsa, wa zai riƙa bibiya. In baba ya ba da kuɗin, ya zama bashi a kan yaron. Kada ku ɗora abin da ba zai iya ba, domin saɓa yarjejeniya na iya mayar da fayil kotu.

Don Allah ki roƙi mahaifinsa ya je, ya zauna kusa da ɗansa. Ya tsani satar a gaban kowa, amma kada kalmar “ɓarawo” ko “na cire hannuna” ta fito daga bakinsa, don yaron da aka kora daga gida wurin waɗanda suka sayi wayar yake komawa.