Kamfas, dadduma ko manhajar waya: wanne zan saya don gane alƙibla?

Wata 'yar'uwa ta rubuto cewa tana yawan tafiye-tafiye, kuma ta ga dadduma mai kamfas a jiki tana so ta saya, shin za ta iya dogara da ita ko gara kamfas zalla?

Toh 'yar'uwa, in daddumar ta miki kyau ki saya don daddumar, amma kamfas ɗin jikinta kar ki sa masa rai sosai, yawanci ƙarami ne na roba, in an naɗe an ninke an cusa a jaka allurar sai ta fara maƙalewa. Kuma fa allurar kamfas ba Makka take nunawa ba, arewa take nunawa, arewar ma ta maganaɗisu, wadda ta ɗan sha bamban da arewa ta gaskiya da ake lissafi da ita. Wani wurin bambancin bai kai a damu ba, amma a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu ya haura digiri 20. Shi yasa kamfas na alƙibla yake zuwa da ɗan littafi mai lambobin garuruwa, in ya ɓata ko babu garin da kike a ciki shikenan kin koma zato. Ni dai shawarata ki sayi kamfas na hannu mai ruwa a ciki, allurarsa ta fi nutsuwa, sannan kafin ki tashi ki nemo digirin alƙiblar garin da za ki da kuma karkatar maganaɗisun wurin, wato wancan bambancin da ke tsakanin arewar biyu, ki rubuta a takarda.

Wani ɗan'uwa kuma yace wayarsa da ta matarsa kowacce inda take nunawa daban alhali a ɗaki ɗaya suke, shin in ya biya kuɗin manhaja mai tsada matsalar za ta kau?

Ba za ta kau ba malam, riƙe kuɗinka. Lissafin kansa iri ɗaya ne a ta kyauta da ta kuɗi, Ka'aba tana nan a kusan digiri 21.42 arewa da 39.83 gabas, GPS ya faɗi inda kake, manhaja ta fitar da kusurwa. Inda ake samun matsala shi ne ɗan na'urar maganaɗisun da ke cikin wayar, komai yana ruɗa ta, rodin da ke cikin kankare, firiji, sifika, kwamfuta, har rigar waya mai maganaɗisu a murfi. Ka cire rigar, ka fita fili, ka juya wayar a iska kamar kana zana 8 sau da yawa, ka kwantar da ita a tafin hannu sannan ka duba. Ku kwatanta lambar digirin da wayoyin biyu suka rubuta, in lambar ɗaya ce kibiyar ce kawai ta bambanta to laifin na'urar ne. Akwai Qibla Finder na Google tun 2017, kyauta ne, yana iya zana maka layin a kan taswira ka ga ta wace kusurwar gini ya bi, wannan bai damu da maganaɗisu ba. Kuma dan Allah manhajar da ke neman izinin shiga lambobin mutanenka da hotunanka don kawai ta nuna alƙibla, goge ta.

Tambaya ta uku ta fi burge ni. Wani yace ƙaninsa yana karatu a Niyok, manhaja ta nuna masa arewa maso gabas, shi kuma a taswira yana ganin Makka a ƙasa ta kudu maso gabas, ko ya canza manhaja?

Kar ya canza, daidai take, alƙiblar Niyok wajen digiri 58 ce daga arewa. Taswirar bango ce ke yaudarar ido, don an baje abu mai siffar ƙwallo a kan takarda. Ka sami ƙwallon duniya irin na makaranta, ka ɗora zare a kan Niyok ka ja shi tsam zuwa Makka, za ka ga ya fara hawa arewa maso gabas kafin ya gangaro, wannan ce hanya mafi kusa, kilomita kusan 10,300, kuma da ita ake auna alƙibla da nisa duka. Shi yasa nisan da manhaja ke rubutawa bai kai na mota ba, ita ba ruwanta da kwana ko dutse. Landan digiri 119 ce, Jakarta kuwa wajen 295, wato yamma suke kallo da ɗan karkata arewa. Wannan ilimi ba baƙo bane a wajen musulmi, Albiruni, malamin lissafi da ilimin taurari, tun ƙarni na 11 ya auna alƙiblar garin Gazna da ke Afganistan ta yau da irin wannan lissafi, abin alfahari ne wallahi.

Sai masu kwamitin ginin masallaci da suka tambaya ko su ɗauki safiyo ko waya ta isa. Ku ɗauka, wannan kuɗin ba asara bane. Gaskiya ne mafi yawan malamai sun ce wanda yake nesa fuskantar sashen Ka'aba ya wadatar masa, don haka mai sallah a ɗaki kar ya sa wa kansa waswasi, amma gini abu ne na shekaru, kuma kuskuren digiri ɗaya a nisan kilomita 1,000 yana kauce wa da wajen kilomita 17. In kuna so ku tabbatar da aikinsa ba tare da kashe ko sisi ba, rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba sau biyu a shekara, 27 ko 28 ga Mayu ƙarfe 12:18 agogon Makka, da 15 ko 16 ga Yuli ƙarfe 12:27. Ku mayar da lokacin zuwa agogonku, in dai ana ganin rana a inda kuke a daidai lokacin, ku rataya igiya mai nauyi a ƙasanta a fili, layin inuwarta shi ne layin alƙibla, ɓangaren da ranar take nan ne gaba. Ku ja layin da fenti kafin a fara haƙa tushe.