Na ba ɗana maganin tsutsar ciki, amma ta dawo

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana mai shekara 6 ya yi fama da ciwon ciki da rashin cin abinci, har na ga tsutsa a bayan gidansa. An ba shi magani ya samu sauƙi, amma bayan wata 5 abin ya dawo. Wasu sun ce yawan shan zaƙi ne ya jawo. Shin gaskiya ne? Kuma yaya zan gane ko ƙannensa sun kamu? Daga wata uwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Zaƙi ba ya haifar da tsutsa. Kowace tsutsar ciki daga waje take shiga jiki, kuma mafi yawan waɗanda ke kama yara suna yaɗuwa ne ta ƙasar da bayan gidan mutum ya gurɓata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1.5 ne ke ɗauke da irin waɗannan tsutsotsi.

Macijin ciki, wanda tsawonsa kan kai santimita 35, shi ne aka fi gani a bayan gida. Macen tana iya saka ƙwai kusan 200,000 a rana, su fita tare da bayan gida, su yi makonni a cikin ƙasa kafin su iya kama wani. Yaron da ya yi wasa a wurin ya kai hannu baki, ko ya ci ganye ko 'ya'yan itacen da ba a wanke da kyau ba, zai haɗiye ƙwan da ido ba ya gani. Magunguna irin su albendazol da mebendazol suna kashe tsutsar da ke ciki ne kawai, ba sa hana sabuwa shiga, kuma ina kyautata zaton abin da ya faru da ɗanki ke nan.

Wadda ta fi damuna ita ce tsutsa mai ƙugiya, domin ba ta jiran a haɗiye ta: 'ya'yanta suna huda fatar ƙafar mai tafiya ba takalmi, su bi jini zuwa huhu, daga nan su gangara hanji su maƙale suna shan jini. A hankali yaro zai yi ta kasala, tafin hannunsa da cikin fatar idonsa su yi fari, hankalinsa ya daina tsayawa a kan karatu, alhali ba wanda ya taɓa ganin tsutsa a tare da shi. Tsila kuwa daga naman da bai dahu sosai ba ake samun ta.

Game da ƙannensa, ki lura da gudawa mai zuwa tana dawowa, kumburin ciki, rama, da ƙaiƙayin dubura da dare. Wannan ƙaiƙayin alama ce ta wata ƙaramar farar tsutsa da ke yaɗuwa tsakanin mutanen gida ta farce da shimfiɗa, shi ya sa akan ba kowa magani lokaci guda. Yara da yawa masu tsutsar ciki ba sa nuna alama ko kaɗan, don haka gwaji a asibiti ne zai taimaka a gano ko sun kamu. Kafin nan, a yanke musu farce, su sa takalmi, su wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga banɗaki da kafin cin abinci, a kuma zubar da kashin ƙananan yara a masai. Idan kika ga amai mai yawa tare da ciwon ciki mai tsanani da kasa yin bayan gida, ki kai yaron asibiti nan take, domin macijin ciki kan dunƙule ya toshe hanji.