Da gaske ne kyarkeci yana cin 'ya'yan itace?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ga wani bidiyo a Facebook, kyarkeci a dajin Amurka ya cusa kai cikin ciyayi yana tsinkar wasu ƙananan 'ya'yan itace kamar akuya. Ni kuwa abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne nama kaɗai yake ci. Haɗa bidiyon aka yi da kwamfuta, ko dabbar ce ba ta da lafiya? Daga wata malamar firamare a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ban ga bidiyon da kike nufi ba, don haka ba zan rantse a kansa ba. Amma halin da kika kwatanta gaskiya ne, masana sun gan shi da ido, sun ɗauke shi a kyamara, kuma dabbar lafiyarta ƙalau. Yunwa ce kawai.

Sai dai mu fara warware sunan. Kyarkecin da mafarautanmu suka sani shi ne karen dajin nan mai dabbare-dabbare da manyan kunnuwa, mai farauta a garke, wanda yanzu ya kusa ƙarewa a yankinmu. Shi kam ba ruwansa da 'ya'yan itace. Wanda kika gani dabam ne, kyarkeci mai ruwan toka na Turai da Asiya da Arewacin Amurka, wanda daga jinsinsa karen gida ya samo asali. Aron suna aka yi masa, kamar yadda masu tafsiri suke yi a ƙissar Annabi Yusuf (AS).

Inda aka fi bin diddigin wannan hali shi ne gandun dajin Voyageurs da ke arewacin jihar Minnesota, daf da iyakar Kanada. Tun 2015 masana daga Jami'ar Minnesota suke ɗaura wa kyarketai na'ura a wuya, suna bin duk inda suka daɗe, suna kuma tattara kashinsu don ganin abin da suka ci. A binciken da Thomas Gable da abokan aikinsa suka yi a kan wani garke guda, sun samu cewa daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta 'ya'yan itace ne kaso 56 zuwa 83 cikin 100 na abincin garken a mako. Akasarinsu bulubari ne, wasu 'yan ƙwayoyi masu launin ɗinya, ba su kai magarya girma ba, suna fitowa a gajerun tsirrai da ba su wuce gwiwa ba.

Me ya sa sai a waɗannan makonni? Nan ne abin yake da daɗin ji. Mutum zai zaci hunturu ne lokacin wahalar kyarkeci, tunda ƙanƙara ta rufe ko'ina. Ina! Lokacin ne yake ƙiba. Barewa tana nutsewa cikin dusar ƙanƙara da siraran ƙafafunta, ga ta a rame, shi kuwa da faffaɗan tafinsa sai ya bi ta sama ya cim mata. A ƙarshen Mayu zuwa Yuni kuma bareyi suna haihuwa, 'ya'yan suna kwance cikin ciyawa, ɗauka kawai yake yi. Amma da Yuli ya raba tsakiya, 'yan bareyin sun yi ƙafa, sun fi ƙarfin gudunsa, iyayen kuma sun ci ciyawa sun murmure. Biba, wato dabbar nan mai kama da ƙatuwar gafiya da ke datse rafi da itace, wadda kyarkeci kan yi wa kwanton ɓauna a bakin ruwa, ita ma ba ta cika yin nisa da ruwa ba a lokacin. Daji ya yi kore shar, amma cikin kyarkeci wayam. A daidai nan bulubari yake nuna, ba ya gudu, ba ya harbi da ƙafa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san irin wannan: tsakiyar damina, gona ta yi kyau, rumbu ya ƙare, sai tafasa da rama kafin gero ya nuna.

Abin da ya fi ba masanan mamaki ya faru ne a Agustan 2017. Ɗaya daga cikin masanan, Austin Homkes, yana leƙen wani dandali inda garke yake ajiye 'ya'yansa, sai ya ga ƙanana biyar sun kewaye wani babba. Al'adar kyarkeci ce ya haɗiyo nama a wurin farauta, ya dawo ya amayar wa 'ya'ya. Da suka watse, Homkes ya je wurin ya duba, sai ya tarar da bulubarin da aka amayar. Ashe ba kansa kawai babban yake cika wa ciki ba, har gida yake kai wa.

Duk da haka, Malama, kada ki goge abin da kika rubuta a allo. Jikin kyarkeci na macin nama ne. Manyan turamen haƙoransa kamar almakashi suke, na yanka nama ne. Hanjinsa gajere ne, abinci ba ya daɗewa a ciki, shi ya sa 'ya'yan itacen sukan fito kusan yadda suka shiga. Ƙarfin da ke cikin bulubari kuwa bai kai sulusin na naman barewa mai nauyi ɗaya da shi ba. Kyarketan yankin ramewa suke yi a waɗannan watanni, kuma 'ya'yansu da dama yunwa ke kashe su kafin sanyi ya shigo. Ni a ganina ma a riƙa sassautawa wajen yaɗa adadin nan na 83. Garke ɗaya ne, makonni kaɗan ne, kuma lissafin kashi yakan fifita abin da bai narke ba a kan naman da jiki ya shanye. Abin da za ki ce wa yara shi ne: nama ne abincinsa, amma in nama ya yi wuya ba ya kwana da yunwa alhali ga abin ci a gabansa. Kyarketan wannan dajin har kifi an gan su suna kamawa a rafi lokacin da kifayen ke hawowa yin ƙwai.

Danginsa na nahiyarmu ma suna da irin nasu. A tsaunukan Bale na Habasha, wani rahoto da ya fito a 2024 ya nuna jan kyarkecin ƙasar, wanda ɓeraye ne abincinsa kuma bai kai 500 a duniya ba, yana bin wasu dogayen furanni yana lasar zaƙinsu, wani har fure 30 a fita ɗaya, bakinsa ya yi rawaya da garin fure.

Kusa da gida kuma ga dila. A 2015 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa dilan nan mai ruwan ƙasa-ƙasa na Sahel da arewacin Afirka ya fi kusa da kyarkeci mai ruwan toka fiye da dilan Asiya da aka daɗe ana haɗa su, har aka sake masa suna a littattafai zuwa kyarkecin Afirka. Shi kuwa cin 'ya'yan itace a wurinsa ba sai yunwa ta yi tsanani ba. In kina da ɗalibin da mahaifinsa ke noman kankana a bakin daji, sa shi ya tambayo miki wa ke fasa musu ita da dare.