Wace eriya zan kafa wa tashar rediyona ta gida?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ci jarrabawa na karɓi lasisin masu sha'awar rediyo, na kuma sayi na'urar gajeren zango mai ƙarfin wat 100. Filin bayan ɗakina bai wuce mita 16 ba, da bishiya ɗaya a ƙarshensa. Wasu sun ce in sayi eriyar tsaye, wasu sun ce Yagi, wani kuma ya ce in nemi amfilifaya kawai. Kaina ya ɗaure. Wacce zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, barka da shigowa cikinmu. Maganar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin siginar da kake aikawa, ajiye ta tukuna. Ko ka ninka ƙarfinka sau huɗu, daga wat 100 zuwa 400, desibel 6 kawai ka ƙaru da shi, wato layi ɗaya a ma'aunin sigina na wanda yake saurarenka. Kuma ba za ta ƙara maka ji ko kaɗan ba. Eriya kuwa baki ce kuma kunne ce, duk gyaran da ka yi mata ka ci riba biyu.

Filinka da zangon da kake son hawa su ne za su zaɓa maka eriya, ba hoton da ke jikin kwali ba. Ka san yadda gidajen rediyo kan ce a kama su a kan mita 25 ko 31? Wannan tsawon igiyar siginar ke nan, kuma da shi ake auna eriya. Mafi sauƙinta ita ce daifol: waya mai rabin tsawon igiyar, a raba ta biyu, kebul ya shiga ta tsakiya. Lissafinta bai da wuya, raba 143 da yawan megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon wayar a mita. A megahaz 14.2 (zangon mita 20) za ka sami kusan mita 10, a 7.1 (zangon mita 40) kusan mita 20, a 3.6 kuwa (zangon mita 80) kusan mita 40. Ka ga ke nan zangon mita 80 ya fi ƙarfin filinka, manta da shi a yanzu.

Na mita 40 ma ba zai shiga a miƙe ba, amma akwai dabara. Kafa sanda mai tsawon mita 9 a tsakiyar filin, wadda ba ƙarfe ba in da hali, ka ɗaure tsakiyar wayar a samanta, sannan ka gangaro da kowane hannu zuwa mita 3 daga ƙasa. Hannu mai mita 10 da ya sauko mita 6, mita 8 zai ci a ƙasa. Biyu sun cika mita 16 ɗinka cif. Siffar ta zama kamar an kifa harafin V, kuma wannan kifawar alheri ce, don tana sauko da turjiyar eriyar ga wutar sigina, wadda ake aunawa da om, daga wajen om 73 zuwa kusa da om 50 da na'urarka take so. Ga kuma gyara: megahaz 21 ninki uku ne na 7, saboda haka wayar nan za ta yi maka aiki a zangon mita 15. In ka ƙara wasu hannaye biyu masu mita 5 kowanne a mahaɗar, ka ware su daga na farko, ka sami zangon mita 20. Zanguna uku ke nan da kebul ɗaya, da wayar wuta irin ta gida. Ni da ita nake cewa kowane sabon shiga ya fara.

Sai dai ka san abin da za ta ba ka. Bisan eriya daga ƙasa shi ke nuna inda sigina za ta nufa. A zangon mita 20, bisan mita 9 ya kusa rabin igiya, siginar za ta fita a kwance-kwance ta yi nisa, har wasu nahiyoyi idan sararin sama ya buɗe. A zangon mita 40 kuwa wannan bisan bai kai kwata ba, yawancin siginar sama za ta miƙe ta dawo cikin 'yan ɗaruruwan kilomita da ke kewaye da kai. Ba aibi ba ne in makusanta kake nema. Amma duk mita ɗaya da ka ƙara wa sandar nan, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Idan sanda a tsakiya ba za ta yiwu ba, bishiyar nan ta yi rana. Ja waya mai mita 20 daga ɗaki zuwa reshe, ragowar ta lanƙwaso ƙasa, kebul ya shiga ta ƙarshenta. Turjiya a ƙarshen waya takan kai om dubu biyu zuwa uku, don haka sai da taransifoma mai 49:1, mai sauko da ita kusa da om 50. Wannan eriya tana ɗaukar zangunan mita 40, 20, 15 da 10, amma takan dawo da sigina ta jikin kebul zuwa cikin ɗaki in ba a sa abin tarewa ba.

Eriyar tsaye tana kai sigina nesa ta kowace fuska, gaskiya ne. Abin da ba a faɗa maka ba shi ne, irin mai kwatan igiya rabin eriya ce kawai. Ɗaya rabin wayoyi ne da ake shimfiɗawa a ƙasa kewaye da gindinta, kamar 16 ko fiye. In babu su, ƙasa kake ɗumamawa da wutarka. Sau da yawa kuma ta fi kwaso ƙarar cajar waya da inbata da ƙwan fitila na zamani. Yagi kuwa, wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka ƙirƙira a Jami'ar Tohoku ta Japan a 1926, babu shakka sarauniya ce, tana tattara sigina wuri ɗaya. Amma ta zangon mita 20 faɗinta kusan mita 10 ne, tana buƙatar hasumiya da injin juyawa. Bari sai ka shekara kana aiki.

Wajen haɗawa, yanke wayar da ɗan rara, ka ɗaga, ka auna SWR, wato ma'aunin da ke nuna yawan wutar da ke dawowa daga eriya zuwa na'ura, ka riƙa rage kaɗan-kaɗan daidai wa daida a hannayen biyu. Kada neman 1:1, inda babu abin da ke dawowa, ya hana ka barci. A 1.5:1 kashi 4 cikin ɗari ne kawai ke dawowa, a 2:1 kashi 11. Kuma kyan SWR ba shi ne kyan eriya ba: tulin gwaji mai om 50, wanda ke shanye wutar ba tare da watsa ta ba, yana nuna 1:1, alhali ko maƙwabcinka ba zai ji ka ba. Sa balan mai 1:1, wato abin da ke hana sigina bin jikin kebul, a mahaɗa, ka like bakin kebul da kyau, don ruwa in ya shiga ya gama da shi. Kebul samfurin RG-58 zai wadatar a gajeren zango in tafiyar ba ta da nisa. In ta doshi mita 30, RG-213 ya fi.

Kada waya ko sanda ta kasance inda in ta faɗi za ta taɓa layin wutar lantarki. Ƙarshen hannayen eriya na ɗauke da ƙarfin wuta mai ƙuna lokacin da kake magana, shi ya sa na ce mita 3, inda hannun yaro ba zai kai ba. Da ka ga hadari ya haɗu, cire kebul ɗin daga na'ura ka fitar da bakinsa waje, kafin tsawa ta fara.