Tambayoyin Masu Karatu: Abokina ya ce ba ni da hujja sai taurin kai

Tambaya: Malam, ina da aboki da muka taso tare a Tawa, ya tafi karatu Faransa, ya dawo yana cewa bai yarda da samuwar Allah ba. Kusan kowane dare muna musu a fada ana dafa shayi. Idan na kawo masa aya, sai ya ce littafin da bai yi imani da shi ba ba zai zame masa hujja ba, idan kuma shi ya kawo kimiyya, ni ma sai in toshe kunne. Shin sauraronsa zai raunana imanina?

Amsa: Ɗana, a kan maganar aya abokinka yana da gaskiya, kuma malamanmu sun riga shi faɗa. Sun raba dalili gida biyu, na nassi da na hankali, suka ce wanda bai yarda da nassi ba ana fara masa da abin da hankali ya yarda da shi. Alƙur'ani da kansa ya ce wa masu jayayya su kawo hujjarsu, ya kuma umarci a yi musu da hanyar da ta fi kyau, kamar yadda yake a aya ta 125 ta Suratun Nahli.

Sauraro kuwa ba rauni ba ne. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, sai da ya rubuta littafi guda yana bayyana ra'ayoyin masu falsafa yadda su kansu za su amince da bayanin, kafin ya rubuta wanda ya yi musu raddi a cikinsa. A cikin raddin ma ya gargaɗi masu ƙaryata lissafin husufin rana da na wata da sunan kare addini, ya ce ɓarnar da suke yi wa addini ta fi ta masu sukarsa. Tambayi kanka ko za ka iya maimaita hujjar abokinka har ya gyaɗa kai ya ce abin da yake nufi ke nan. In ba za ka iya ba, da wani mutum da ka ƙaga kake musu.

Amma kada abokinka ya ɗauka taurin kai gadon masu addini ne. A 1927 wani limamin coci ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, ya nuna ta hanyar lissafi cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, daga baya ya ce ya fara ne daga wani ɗan ƙanƙanin mafari. Masanin taurari na Ingila Fred Hoyle, wanda bai yarda da Allah ba, ya ƙi ra'ayin, shi ne ma ya laƙaba masa suna Big Bang a gidan rediyon BBC a 1949. A 1965 wasu masana biyu a Amurka suka gano ragowar ɗumin wannan mafari, yawancin masana suka sallama, shi kuwa Hoyle har ya mutu a 2001 bai sauko ba. Kafin ka ɗauki wannan labari ka garzaya fada da murna, ga sauransa: sa'ad da Paparoma Pius na 12 ya nemi ya mai da binciken hujjar halitta a 1951, Lemaître bai ji daɗi ba, domin yana ganin na'urar hangen taurari ba ta yanke hukunci kan samuwar Mahalicci. Ni a ganina limamin nan ya fi mu duka adalci.

Shawarata ita ce ku fitar da zancen daga fada, domin a gaban jama'a kowa mutuncinsa yake karewa, mai dafa shayi ma yana jiran ya ga wa za a kayar. Ku zauna ku biyu, ka tambaye shi wace irin hujja ce za ta sa ya sake tunani, ka kuma shirya jin irin wannan tambaya daga bakinsa. Idan ya ce sai abin da aka auna a ɗakin gwaji, tambaye shi a wane ɗakin gwaji aka auna wannan sharaɗin nasa. Inda ya kawo abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka je ka tambayi malamin da ya karanci ilimin tauhidi, sannan ka dawo masa da amsa.